Ranar da Na Yi wa Fitsari Guɗa

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani. Maganar fitsari zan yi daga farkon takardar nan har ƙarshenta. Wadda kunya za ta kama tana iya ajiyewa tun yanzu, ko da yake don ita na rubuta. Ni dai na gama jin kunyar abin da ya kusa raba ni da yayata.

Sunana Luba, yayata Ige. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, a Rimawa aka haife mu, a nan muka yi aure, a nan kuma mazanmu suka riga mu gidan gaskiya. Idan bazara ta kawo jiki aka fara cire albasa a fadama, mu ne matan da ke yankan lawashi. Maza su tuge su tara mana tsibi-tsibi, mu zauna da wuƙaƙe muna raba kai da ganye. Ana biyan mu, ganyen kuma namu ne, mu kai gida mu daka mu yi gabu. Tun rana ba ta ɗaga ba har la'asar sakaliya muna nan a fili fetal, ba itace ba bukka, ga maza ta ko'ina, masu tuga da masu ɗinkin buhu da masu lodi.

To ina mace za ta zaga? Namiji sai ya juya baya ya tsuguna bayan buhuna, ba mai ɗaga kai. Mace kuwa in ta miƙe da buta, idon gona duka ya raka ta. Shi ya sa matan da muka taras suka koya mana dabara: ba a shan ruwa. A kurɓi koko kaɗan da safe, a jefa ɓarin goro a baki, shi ke nan sai an koma gida. Ruwan dam yana gudu a magudana a gabanmu, albasa tana sha har ta ƙoshi, mu muna kallo da leɓe a bushe.

A wannan fage ba wadda ta kama ƙafar Ige. Raƙuma ake ce mata, kuma tana jin daɗin sunan. Ni kuwa Tulu Mai Yoyo suke kirana, don ba na iya jurewa. Nakan ɓoye gora a cikin zane in kurɓa, in matsuwa ta zo in yi tattaki har bayan wata gonar rake mai nisa, in dawo ana yi mini dariya.

"Ke Luba," in ji Ige, "macce da girmanta ta riƙa ratsa maza da buta? Mi za a ce da gidanmu?"

Nakan ce mata a ce abin da za a ce. Ita kuma ta girgiza kai ta ci gaba da yanka, hannunta kamar inji.

Ciwon ya daɗe yana sallama ba mu amsa ba. Tun bara waccan take dafe kwiɓi idan za ta miƙe, ta ce zaman gona ne. Akwai mai tallar magani a kan keke da ke zagaya fadama, yakan ƙulla mata ƙwayoyi kala-kala a leda, na ciwon jiki, ta haɗiye da yawu. Ashe in ta koma gida fitsarin da take yi ɗan kaɗan ne, ja kamar ruwan shayi, yana yi mata zafi. Ba ta gaya wa kowa ba. Ni da muke kwana ɗaki ɗaya sai daga baya na ji.

Satin farko zazzaɓi ne da rawar ɗari da amai. Ta faɗi a gonar Alhaji Garba da wuƙa a hannu, aka ɗauko ta a amalanke. Kowa ya ce zazzaɓin bazara ne, aka sayo maganin cizon sauro. Bai yi ba. Sai ga gwaggonmu Tumba ta taso daga Gandi da ƙullin saiwoyi da jar kanwa, ta dubi Ige sama da ƙasa ta yanke hukunci.

"Sanyi na. Ku jiƙa mata wanga da kanwa, sahe da marece. Kuma ku rage mata ruwa, ba ku ga ƙahwahunta sun hwara kumburi ba?"

Na ce, "Gwaggo, mu kai ta asibiti."

Ta ce, "Asibiti mi? A tuɓe ta gaban maza? Ni nar rene ku, ba ku kuka rene ni ba."

Ba na zagin Gwaggo, Allah ya sani da ƙauna ta zo, kuɗin motarta ma rantowa ta yi. Amma jiƙon nan sati guda Ige ta yi tana sha, kullum jiya i yau, har gara jiya. Fuska ta kumbura ido ya shige, bakinta na wani irin wari, ga shaƙuwa ba ƙaƙƙautawa. Ran nan ina sharar ɗaki na lura butarta tana nan cike inda na ajiye tun shekaranjiya. Na tsaya a kanta na ce, "Yaya, don Allah don Annabi, yaushe rabonki da hitsari?"

Ta juya fuska bango. Sai da na maimaita sannan ta ce, "Tun Jumma'a." Ranar kuwa Litinin ce.

Ban nemi shawarar kowa ba. Na aika aka kira ƙanenmu Bello, muka sa ta a tsakiya a kan babur har wani ƙaramin asibiti a Goronyo. Gwaggo na bakin ƙofa tana cewa za mu gani, na ce ai gani muke son yi.

A can muka haɗu da Sista Rifkatu, wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Zuru. Ba addininmu ɗaya ba, amma har in mutu ina yi mata fatan alheri. Ta danna ƙafar Ige da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta tambayi maganar fitsari kai tsaye, a gaban Bello, kamar tana tambayar farashin gero. Ige ta ja mayafi ta rufe fuska, ni na amsa mata duka, har rashin shan ruwan gona da ƙwayoyin mai keke da kanwar Gwaggo. Sista ta ajiye biro ta ce ƙoda ce, kuma nan ba wurinta ba ne, mu kama hanyar Sakkwato yau ba gobe ba.

Ni ƙoda a ragon layya na san ta, 'yan abubuwa biyu masu kama da ƙwayar wake da ake gasa wa yara. Kafin Bello ya samo mota na ce, "Sista, mi ya haɗa ƙoda da hitsari? Ba ruwan da mutum ya sha na ka gangarawa mara ba?"

Ta yi murmushi ta ce, "Mama, kina tatar gasara?"

Na ce wace mace ce ba ta yi.

Ta ce to ruwan da aka sha ba ya zarcewa mara, jini yake shiga. Jinin yana zagaya jiki yana kwasar datti, sannan ya bi ta ƙoda. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan matatai ƙanana da ido ba ya gani, masu yawan gaske, dare da rana suna tace jinin kamar ƙyallen tata.

Na ce, "To ai mu abin da yat tsaya ga ƙyalle shi na dusa."

Ta ce, "Ita ƙoda a juye take. Abin da ya tsaya shi ne mai kyau, jini ne, ya koma jiki. Ruwa da datti su ne ke wucewa. Sannan ƙoda ba ta da almubazzaranci, sai ta sake tsotse yawancin ruwan nan da duk abin amfani ta mayar wa jiki. Ɗan ragowar mai datti shi ke gangarawa ta wata siririyar hanya zuwa mafitsara. Shi ne fitsari." Sai ta kalle ni ta ce, "Kin taɓa tace ƙullu ba ruwa?"

Na ce sai dai ƙyalle ya toshe ko ya yage.

Ta ce, "Shekara nawa yayarki ta yi tana sa ta haka?"

Sai na tuna matan da na baro a fadama da goro a baki.

Muka bi ta Wurno muka shiga Sakkwato da rana tsaka. Kada in ɓoye, babban asibitin nan ya ba mu wahala. Layin kati daban, layin biya daban, na gwajin jini daban, na hoton ciki kuma aka ce mu dawo gobe. Ige na kwance a kan benci tana shaƙuwa, wani mai ba da kati yana latsa waya. Na buga masa teburi na ce in ta mutu a nan shi zai yi mata wanka. Ya ce in ba ni da kunya shi yana da ita. Na ce kunyar ce ta kawo mu. Sai ga shi ya miƙe ya nemo mana keken marasa lafiya da kansa, ya tura ta har ɗaki. Allah ya saka masa, ko da sai da na yi masa tsawa.

Likitan da ya karɓe mu matashi ne, Ige ta isa ta haife shi. Bayan hoto ya ce ƙodar hagu tsakuwa ta daɗe da toshe hanyarta, ta ƙanƙance, ba sauran amfani. Ta dama ce take riƙe da Ige shekara da shekaru, ita ma yanzu ƙwayar cuta da ƙishirwa da magungunan nan sun taru sun kayar da ita. Sai ya faɗi maganar da har yau take kunnena: "Ba mutuwa ta yi ba, suma ta yi. Mai suma yakan farfaɗo, wani kuma daga nan yake wucewa." Ya ce za a riƙa wanke mata jini da inji kafin a ga abin da Allah zai yi. In fitsari ya dawo, ƙoda ta farka. In bai dawo ba, injin nan ne har ƙarshen rai, sau biyu ko uku duk sati.

Bello ya tambayi kuɗin wanki ɗaya. Da aka gaya masa sai ya cire hula ya riƙe a hannu. Ige na da saniya guda a hannun wani Bafillace a Giyawa, kuɗin gabu na shekaru ne ta tara ta saya. Ita aka fara kaiwa kasuwa. Akuyoyina suka bi ta. Mun sani sarai abin da ke hannunmu ba zai wuce 'yan makonni ba, wato ko fitsari ya zo ko mu ɗauke ta mu koma gida mu jira.

Aka sa mata robar fitsari, aka rataye jaka a gefen gado don a ga abin da zai fito. Matar da ba a taɓa ganin ta da buta ba, ga ta kwance ɗaliban likita maza suna sunkuyawa suna leƙen jakarta kowace safiya. Ta sa na rufe jakar da tsohon mayafinta. Su zo su ɗaga, in sun tafi ta ce in mayar. Ba komai a ciki sai ɗan abin da bai cika cokali ba, baƙi-baƙi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ruwa. Tun da ƙoda ba ta fitarwa, duk abin da ta sha a jiki yake taruwa, yana iya hawa huhu. Saboda haka aka hana ta, sai ɗan abin da aka auna a ƙaramin kofi na yini guda, kuma ni aka ba tsaron kofin. Raƙuma da ta yi shekaru tana ƙin ruwa da ganganci, yau ga ta tana roƙona.

"Luba, kurɓi guda. Ba mai gani."

"Yaya, likita ya hana."

"Ba shi yac ce suma ta yi ba? Wanda yas suma ai ruwa aka yayyahwa mai."

Na yi dariya hawaye na zuba. Sai in jiƙa auduga in shafa mata a leɓe, ta tsotsa kamar jaririya, ta zage ni, ta ce ramuwar gayya nake yi. Wallahi da ramuwa ce da na yafe. Ni kaina sai na fita waje nake sha, don ba na iya haɗiya tana kallo.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata mata, Hadiza, daga wani ƙauye a ƙasar Rabah, ba ta kai mu shekaru ba. Ita ma ƙoda. Ta riga mu zuwa, an yi mata wanki har mijinta ya sayar da gona, jakarta ba ta taɓa jiƙa ba. A satinmu na biyu a asibiti ya zo ya tsaya a bakin gado, ya ce ba sauran abin sayarwa. Ba wanda ya yi musu. Ta naɗe tabarmarta, ta ba ni ragowar sabulunta, ta ce wa Ige, "Yaya, Allah shi sa naki hitsarin shi zaka." Ba a yi kwana goma ba muka ji rasuwarta. Allah ya jiƙan Hadiza. Tun daga ranar Ige ta daina magana sosai, sai dai ta kafa wa gadon ido.

Sati na uku Gwaggo Tumba ta iso da kwanon fura da sabon ƙulli, ta ce a cire robar nan a mai da 'yarta gida ta mutu da mutuncinta. Na ce mutuncin da ake nufi shi ya kwantar da ita. Na ce ko salla malamai sun ce kada a yi ta ana matse da fitsari, to wane ne Alhaji Garba da masu lodinsa da za a matse dominsu? Ta ce bakina ya fi ƙarfina. Na karɓi furar na shanye a gabanta, ƙullin kuma na jefa a kwandon shara. Ba ta tafi ba, ta shimfiɗa tabarma a baranda tana jan carbi.

A lokacin kuɗin wanki ɗaya ya rage mana. Bello ya daina shigowa ɗakin, sai ya tsaya a taga.

Ranar Laraba da hantsi ina goge mata baya, sai na ga mayafin da ke kan jakar ya yi wani tudu. Na ɗauka iska ce. Na ɗaga. Jakar ta kusa rabi, ruwa fari-fari mai ɗan rawaya, kuma ina kallo wani ɗigon yana gangarowa ta robar, wani na bin sa.

Ban san lokacin da na kama hanci ba. Na rangaɗa guɗa irin wadda ban yi ba ko a bikin 'yata. Ɗakin ya hautsine, masu jinya suka miƙe, wata ma'aikaciya ta sheƙo da gudu tana tambayar wa ya haihu. Na ce, "Hitsari na! Ku zo ku gani, hitsarin Yaya na!" Na fizge mayafin na yar. Gwaggo ta shigo da carbi a hannu, ta dubi jakar, ta dubi Ige, sai ta zauna a ƙasa tana kuka tana hamdala. Ige ta ce, "Luba, kin kashe ni da kunya." Amma ba ta ce in mayar da mayafin ba.

Likita ya ce kada mu yi saurin murna, sai gwajin jini ya nuna. Jinin ya yi ta nuna sauƙi a hankali, ba a sake kai ta inji ba. Ranar da aka sallame mu ya ce ƙoda ɗaya gare ta yanzu, ita ma mai tabo. Ba ƙwayar mai keke, ba kanwa, ba jiƙon da ba a san kansa ba, gishiri kaɗan, ta riƙa zuwa awo. Ta sha ruwa yadda ya tsara mata, kuma in ya matsa ta tashi ta yi. Ige ta ce to. Muka biya ta Goronyo na kai wa Sista Rifkatu ƙullin gabu, ta ce ba ta karɓar komai, na ce wannan ba komai ba ne, miya ce.

Ku mata 'yan'uwana na fadama, da masu zaman kasuwar Gandi tun safe har yamma, ga abin da na gani da idona. Fitsarin da ya yi ja ya ragu, ciwon kwiɓi da zazzaɓi, kumburin ƙafa da fuska, ba abin ɓoyo ba ne. Yini guda ba fitsari, ku nufi asibiti, kada ku jira gwaggon kowa.

Da albasa ta sake nuna, na ce Ige ta zauna gida, ta ce zaman me, saniya za ta dawo da kanta? Muka fita tare. Amma ni da kaya na fita: zana biyu, itace huɗu, da jarkar ruwa a ka. Na kafa zanan a ƙuryar gonar Alhaji Garba, na haƙa ɗan rami a ciki. Wasu matan na dariya a cikin mayafi. Ba a jima ba sai ga Alhaji da babbar riga yana taku.

"Luba, mi na wanga? Wa yab ba ki izini? Nan wurin lodi na. Salon a ce gonata ta koma makewayi?"

Na buɗe baki, don na kwana da amsata a shirye. Sai na ji an dafa ni. Ige ce. Ta rame, zanen ma ya yi mata yawa. Ta tsiyayi ruwa a kofi ta shanye a tsaye, maza na kallo. Wani mai ɗinkin buhu ya ce, "Kai, yau Raƙuma ta sha ruwa!" Ba ta ko dube shi ba. Ta ɗauki buta ta ratsa tsakiyar masu lodi, ba sauri ba sanɗa, har ta iso inda Alhaji ya tare bakin zana.

"Alhaji, matsa," ta ce. "Saniya guda da awaki munka saida kahin abin ga shi dawo. Ba ni sake riƙe shi don kowa."

Alhaji ya matsa. Kafin ta fito, mata biyu sun ajiye wuƙaƙe sun tsaya a bayan zanan suna jiran butar.